Direban Wata da Motar Ƙofar Gida

A zamaninmu, ma'aikaci bai cika ma'aikaci ba sai ya ajiye mota a ƙofar gida. Kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, gwamnati kuma tana ba ma'aikatanta bashin mota ana cira a albashi kaɗan-kaɗan, don haka duk wanda ya taka wani matsayi a ofis ba shi da buri sai 504. Da sababbi suka gagari mai albashi, aka koma 'yan Kwatano. Ni ma na riƙe mota shekara da shekaru, har bayan na yi ritaya, kuma zan iya cewa kuɗin saye shi ne mafi sauƙi a duk hidimarta.

Mota ƙarin iyali ce, ko ta fita ko ba ta fita ba sai ta ci. Takardu su ƙare a sabunta, inshora a biya. Idan ta daɗe a ajiye batir ya mutu, idan ta yawaita fita taya ta suɗe. Ga juye, ga birki, ga ranar da za ka wuni kan benci a gareji kana jiran yaron bakanike ya dawo daga kasuwar Ƙofar Ruwa da kayan gyaran da ba ka da tabbacin sabo ne ko an wanke shi ne aka sa a kwali. Duk wannan ɗawainiya a kan abin da zai kai ka ofis da safe ya maido ka da yamma, sauran yinin yana tsaye rana na dukansa. Mafi yawanmu ba mu taɓa zama mun haɗa lissafin a takarda ba, saboda kuɗin ba sa fita a dunƙule, yau dubu biyu ne, jibi dubu goma.

Ɗana da ke aiki a Abuja shi ya fara ba ni labarin cewa a ƙasashen Turawa kamfanonin haya na waya sun fito da tsarin biyan wata, wai mutum ya huta da mallakar mota. Na sa ya bincika mini yadda abin ya kasance. A Amurka, kamfanin Lyft ya fito da nasa a 2018: ka biya dala 299 a wata, a ɗauke ka sau 30, matuƙar kowace tafiya ba ta wuce dala 15 ba. Bai daɗe ba, a 2019 aka maye gurbinsa da wani mai suna Lyft Pink, na kusan dala 20 a wata a lokacin, wanda ragi yake ba ka a kan kuɗin tafiya. Uber One da ya zo a 2021 shi ma ragi ne, a kan kusan dala 10. A Helsinki, babban birnin Finland, an yi wata manhaja Whim wadda ta haɗa bas da jirgin ƙasa da tasi da motar haya a biya guda, babban tsarinta yuro 499 a wata. An yi ta yabonta a duniya, amma kamfanin da ya kafa ta ya karye a 2024.

A fahimtata dalilin a fili yake. Kuɗin wata tsayayye ne, kuɗin mai da gyara da abincin direba kuwa ba sa tsayawa. Sannan mai yawan fita shi ke rige-rigen shiga irin wannan tsari, mai fita jefi-jefi ya ga ba riba ya ƙi. Dole wani ya ɗauki giɓin, ko kamfani ko direba, kuma galibi a kan direba yake faɗawa.

Mu a Kano ba mu jira manhaja ba. Tun da aka hana acaɓa a farkon 2013 adaidaita sahu ta mamaye gari, iyaye suka riƙa ɗaukar ɗan adaidaita na wata ya kai yara makaranta ya ɗauko su. Malaman makaranta mata, da ma'aikatan jinya, da 'yan kasuwar Kwari da ke fitowa daga unguwa ɗaya, da yawansu haka suke yi. Ma'aikatan Abuja da ke kwana a Mararaba ko Kubwa ko Suleja su ma sukan haɗa kuɗi su shiga mota guda. Da idona ya fara rauni, tuƙin dare ya zame mini wahala, sai na sayar da tawa. Muka haɗu da maƙwabta, gida huɗu, muka ɗauki wani matashi ɗan adaidaita na unguwarmu. Da safe ya kai jikoki boko, da la'asar Islamiyya, ranar asibitina ya kai ni, ranar Juma'a masallaci. Bakwai saura kwata za ka ji hon sau biyu, yara su fito da gudu da takalmi a hannu. Na samu kwanciyar hankalin da na daɗe ban sani ba, kuma abin da nake kashewa ya ragu sosai.

Sai ga ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta wuce 1,000. Yaronmu ya fara makara. Matan gida suka fara ƙorafi, wani maƙwabci ya ce a sallame shi a nemo wani. Na ce a bari in ji ta bakinsa. Bayan isha'i na kira shi zaure, ya durƙusa ya gaishe ni, na ce ya tashi ya zauna kan tabarma.

"Ɗana, me ya faru? Da ba haka kake ba."

Ya daɗe kansa a sunkuye. "Baba, kunya ce ta hana ni magana. Kuɗin da kuke ba ni ba sa kai ni rabin wata a mai kaɗai. Ga balas ɗin mai keke kullum. Sai na fita da asuba na yi lodi biyu ko uku kafin in samu abin zuba man da zan kwashi yara."

Ashe yaron nan daga aljihunsa yake cike mana giɓi, shi da ko keken ba nasa ba ne. Mu da muke ganin mun samu sauƙi, a wuyansa muka same shi. Washegari na tara masu gidajen muka sake magana. Muka amince a riƙa biya a farkon wata don ya samu na mai, duk lokacin da farashin lita ya motsa sosai a zauna a sake lissafi ba sai ya roƙa ba, lokacin hutun makaranta kuma a ba shi rabi, tunda ya tsare mana lokacinsa ya ƙi wasu. Akwai wanda ya ga rabin hutun ya yi yawa. Ni dai ina ganin wanda ka damƙa wa 'ya'yanka safe da yamma, bai dace ka bar shi da yunwa a watan Agusta sannan ka sa ran ganinsa a Satumba ba. Duk wanda ke son wannan tsari ya ɗore, da manhaja ne ko da baki, ya fara tambayar abin da ke saura a hannun direba bayan ya zuba mai ya biya mai abin hawa.

Akwai abu guda da biyan wata bai maye mini ba, kuma har yanzu yana damuna. Lokacin da nake da mota, ba tawa ba ce ni kaɗai. An sha buga mini ƙofa ƙarfe biyu na dare, "Alhaji, a taimaka, naƙuda ce," in zura riga in fito ko hula babu. Na kai masu haihuwa, na kai yaro mai shiɗewa, na ɗauko likkafani. A unguwar talakawa, mota ɗaya tana iya zama motar asibitin gida hamsin. Idan kowa ya sayar ya koma haya, wa za a buga wa ƙofa? Manhaja ba ta cika samun direba a lungunanmu da tsakar dare ba, kuma mai naƙuda ba ta jiran a nemo.

Shi ya sa ba na ce wa kowa ya rabu da motarsa. Mai aikin da ke kai shi ƙauyuka, ko mai jinyar tsoho a gida, ya riƙe abarsa. Matashin da ya fara aiki kuwa, mai zirga-zirga ɗaya daga gida zuwa ofis, ina ba shi shawara kada ya ci bashi don mota, ya nemi abokan hanya su ɗauki direban wata, ya sa rarar a fili ko jari.

Mu a layinmu mun ɗan rage matsalar dare. Yaronmu yana kwana da keken a unguwa, wayarsa a kunne, kuma mun yi da shi cewa fitar dare kuɗinta daban, daga asusun da gidajen huɗu ke zuba wani abu duk wata, ko mara lafiyan ba namu ba ne. Keke ba ya ɗaukar wanda sai an kwantar da shi, don haka muka je muka roƙi wani maƙwabci mai mota, ya yarda a riƙa tashinsa idan abin ya kai haka, man kuma daga asusun.