Wasiƙar da Ba Ta da Sallama

A ƙasar Hausa ba a kutsa kai gidan mutum sai an yi sallama, ko da kuwa ƙofar zauren a buɗe take. Wannan ladabi ne magabata suka ɗauka suka zuba a cikin wasiƙa. Wanda ya duba wasiƙun da Turawa suka tarar a gidan Wazirin Sakkwato Buhari a 1903, waɗanda H. F. Backwell ya fassara daga Larabci ya buga a 1927, zai ga yadda akasarinsu ke tafiya: daga wane zuwa ga wane, gaisuwa, sannan buƙata. Da boko ya zo bai rushe tsarin ba, domin a kansa masu karatun Gaskiya Ta Fi Kwabo suka riƙa rubuta wa Edita tun daga 1939, a kansa kuma aka koya mana wasiƙa a firamare.

Ɗaliban da muke koyarwa a nan Lafiya kuwa, yawancinsu an haife su ne bayan wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001. A WhatsApp suka saba da aika saƙo, inda suna da hoto ke yi wa mutum iso tun bai buɗe baki ba. Imel ba ya yi wa kowa iso. Sa'ad da annobar korona ta rufe makarantu a 2020, da yawa daga cikinsu suka fara turo aiki ta wannan hanya, sai muka riƙa cin karo da saƙo daga wani adireshi mai suna Ɗan Gayu ko 'Yar Lele, babu take, babu ko kalma ɗaya a ciki, sai takarda da aka maƙala mai suna "sabon gyara". Wane ne? Wane aji? Wane kwas? Malamin da ke fama da ɗaruruwan ɗalibai ba boka ba ne. Ranar da sakamako ya fito ɗalibin zai zo yana rantsuwa cewa ya turo, kuma gaskiyarsa, ya turo. Sai dai ya jefo takardar ne ta kan katanga.

Akwai kuma masu wuce gona da iri. Mu da muke zaune a garin da sunansa ma Lafiya, ba za mu raina tambayar lafiya ba. Amma idan aka cinye layi goma ana tambayar gida da iyali da gajiya da zafin rana, aka ƙare da "akwai wata 'yar magana, sai na zo ofis", to an ɓata lokacin mutum biyu. Magabata kan gaisa a taƙaice, su ce "bayan haka", su faɗi abin da ya kawo su.

Abin da muke nema bai taka kara ya karya ba. A rubuta take mai ɗauke da lambar kwas da abin da ake so. A kira malami Malam ko Malama, Dakta ko Farfesa, a bar "Oga" a tasha. Gaisuwar ma ba sai ta addini ba, domin a ajinmu akwai Alago da Eggon da Gwandara da Tibi da Barebari, Musulmi da Kirista. "Barka da yamma, Malam" ta wadatar. A ƙarshe a sa cikakken suna da lambar rajista.

Inda abin ya fi yi mana ciwo shi ne rubutun Hausar kansa. Ɗalibin Hausa, wanda gobe shi ne zai tsaya gaban allo, ya rubuto "na bata aikin". Ya ba wata ɗaliba aikin ne, ko kuwa ya ɓata shi? Ƙugiya ɗaya da tazara ɗaya ne suka raba ma'anonin nan biyu, ga shi kuma haruffan ƙ da ɗ da ɓ suna nan a wayar da ke hannunsa, in ya nemi allon rubutu na Hausa. Wasu kan ce ai saƙo ne kawai, ba jarrabawa ba. To, malamin da zai rubuta wa ɗalibi takardar shaida ta neman gurbin digiri na biyu, me zai tuna da shi in ban da irin rubutun da ya saba gani daga gare shi?

Sai kuma saƙon fushi, wanda akan rubuta da tsakar dare bayan an ga makin da bai yi daɗi ba. Baƙar maganar da aka faɗa a ofis iska kan kwashe ta, a wayi gari a nemi gafara. Ta imel kuwa tana zaune da kwanan watanta da sa'arta, ana iya tura ta ga shugaban sashe cikin daƙiƙa ɗaya, a buga ta a takarda, a ajiye ta gaban kwamitin da zai duba ƙorafin ɗalibin, su fara karanta ta tun kafin su buɗe takardar jarrabawar tasa.