Takardar Da Ban Saya Ba

 

Na daɗe ina jinkirta wannan rubutu, domin ba ƙaramin nauyi ba ne mutum ya faɗi da bakinsa cewa saura ƙiris ya sayi ƙarya da kuɗinsa. Amma 'yan'uwa ɗalibai sun yawaita tambayata yadda ake sauya bizar karatu zuwa ta aiki a Ingila, sai na ga gara in ba da labarin yadda tawa ta kasance.

A Wudil aka haife ni, a nan kuma na yi digirin farko, a Jami'ar Kimiyya da Fasaha wadda aka sanya wa sunan Aliko Ɗangote a 2022. A watan Satumba na shekarar na tafi yin digiri na biyu. Babu gwamnatin da ta ɗauki nauyina. Shanu Baba ya kora Kara ranar wata Juma'a aka haɗa kuɗin. Na bar maiɗakina da jaririya a gidanmu, da niyyar da zarar na zauna da gindina su biyo ni.

Na kammala a ƙarshen 2023, bizata kuma za ta ƙare a watan Janairu. Hanyoyi biyu ne a gabana. Ta farko ita ce bizar waɗanda suka gama karatu, wadda aka buɗe a Yulin 2021: shekara biyu kana aikin da ka samu, amma ba a sabunta ta, kuma ba ta ba ka damar ɗauko iyalin da ba ka zo da su tun kana ɗalibi ba. Ta biyu bizar ma'aikata ce, wadda sai kamfani mai lasisi ya tsaya maka, ya ba ka takardar shaidar cewa ya ɗauke ka aiki. Ana cikin haka, ranar 4 ga Disamba 2023, gwamnati ta sanar da cewa mafi ƙarancin albashin wannan biza zai tashi daga fam 26,200 zuwa 38,700, masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya kuma za a hana su kawo iyali. Hankalin kowa ya tashi.

A wannan tsakani ne wani bawan Allah da muke sahu ɗaya a masallaci ya ja ni gefe. Ya ce akwai kamfanin kula da tsofaffi da zai ba ni takardar a kan fam 8,000. Aiki dai babu; sunana kawai za a rubuta, in je in nemi abincina a wani wuri. Idan na hanzarta kafin ƙofar ta rufe, iyalina za su iso. Wallahi, ya mai karatu, a daren nan na kawo wa kaina hujjoji sun fi goma. Na ce lalura ce. Na ce zaman namiji shi kaɗai a irin wannan ƙasa fitina ne. Har na ce ai su ma da suka zo ƙasarmu ba su nemi izinin kowa ba. Shaiɗan dai ba ya rasa fatawa.

Rabin kuɗin nake da shi, don haka na kira Baba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To, shi aikin da za a rubuta, akwai shi?" Na fara kewaye-kewaye. Ya ce, "Shekara arba'in ina Kara, ban taɓa karɓar la'adar saniyar da ba ta cikin turke ba. Ba zan sayar da dabbata a sayi wannan ba." Ya tambayi lafiyata, ya kashe waya.

Na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Sai bayan kwanaki na tuna abin da muka karanta a zaure game da aminci: wanda ya shiga ƙasar waɗansu da izininsu, alkawari ya hau kansa, ba ya halatta ya yaudare su. Biza kuwa izinin ke nan, kuma da hannuna zan sa hannu cewa duk abin da na rubuta gaskiya ne. Na tuna da Huzaifa ɗan Yamani da mahaifinsa, Allah Ya yarda da su, waɗanda Ƙuraishawa suka tare a hanyar Madina, ba su sake su ba sai da suka yi alkawarin ba za su yaƙe su ba. Ga Badar ta zo, Musulmi ba su da yawa, amma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce su da cika alkawarin. Bukatata ba ta kai ta ranar Badar ba.

Na biya fam 822 da kuɗin asibiti na karɓi ta shekara biyun. Ƙofar iyali ta rufe ranar 11 ga Maris 2024. Na yi aikin ɗaukar kaya a sito, ina tura takardun neman aikin da na karanta, ba adadi. Sau biyu ana kirana ganawa, sau biyu maganar tana mutuwa a kan albashi, wanda a Yulin 2025 aka sake ɗagawa zuwa fam 41,700.

Kada a ɗauka duk wanda ya saya ya tozarta. Gaskiya ne hukuma ta soke lasisin kamfanoni fiye da 470 tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024, mutane da yawa suka shiga tasku. Amma na san waɗanda suka saya suna nan lafiya da 'ya'yansu, kuma idan na ga hotunansu wani abu yakan taɓa zuciyata, sai in yi istigfari.

A Disambar 2025 na tattaro kayana, saura wata guda bizar ta ƙare. Da motarmu ta hau gadar Wudil na hango masu ɗibar yashi a bakin kogi kamar yadda na bar su. 'Yata, wadda ta san ni a waya kawai, ta ɓuya a bayan mahaifiyarta. Cikin shanun da Baba ya sayar, uku na iya mayar masa zuwa yanzu. Ranar Juma'ar da ta wuce ya ce in raka shi Kara in riƙe masa lissafi, na bi shi.