Fim Ɗaya, Ƙarshe Uku: Gardamar 'Yan Kallo A Kan 'Clue'

Mai karatu, wai shin idan marubuci ya ja ka tun daga shafin farko har na ƙarshe kana neman wanda ya yi kisa, sai da aka zo gangara ya ce maka ai makasan uku ne, ka zaɓi wanda ya kwanta maka, me za ka ce da shi? Gwani, ko mayaudari? Wannan ita ce gardamar da 'yan kallo suke yi a kan wani tsohon fim na Amurka mai suna Clue tun fitowarsa a watan Disamba na 1985, kuma har yau ba a kashe ta ba. Ni ma ina da bakin magana a ciki. Amma tun da wuri ina ba ka haƙuri, domin zan fasa ƙwai, duk sirrin fim ɗin zan zazzage shi a nan.

Asalin abin wasa ne na tebur, dangin ludo, wanda wani Bature ɗan Ingila, Anthony Pratt, ya ƙirƙiro, aka fara sayar da shi a 1949 da sunan Cluedo. A wasan, an kashe maigida, masu wasa kuma su gano wa ya kashe shi, a wane ɗaki, da wane makami. Kamfanin Paramount ne ya mai da shi fim, Jonathan Lynn ya rubuta kuma ya ba da umarni, bayan sun tsara labarin tare da John Landis.

Ga yadda labarin yake. A wani dare na 1954, ana tsuga ruwan sama, an gayyaci mutum 6 cin abinci a wani tanƙamemen gida da ke bayan gari. Kowa an laƙaba masa sunan bogi: Kanal Mustard, Farfesa Plum, Mista Green, Madam Peacock, Madam White da Mis Scarlet. Shugaban barorin gidan, Wadsworth, wanda Tim Curry ya fito a matsayinsa, shi ya tarbe su. Ashe dukkansu suna da alaƙa da manyan birnin Washington, kuma kowa yana da abin kunyar da yake ɓoyewa. Matar sanata tana karɓar cin hanci a madadin mijinta, kanal ya saci kayan rediyon soja lokacin yaƙi ya sayar, farfesa an ƙwace masa lasin likitanci saboda lalata da majinyaciya, wata gidan karuwai gare ta, wata kuma ana zargin ita ta aika mijinta lahira. Mutum ɗaya, Mista Boddy, shi ke tatsarsu kuɗin toshiyar baki. Da ya iso sai ya raba masu makamai 6: wuƙa, igiya, bindiga, sifana, guntun fayif na dalma da mazaunin kyandir. Aka kashe fitila. Ko da aka kunna, sai ga shi shimfiɗe a ƙasa. Kafin dare ya raba, gawa 6 ce a gidan.

To, ba a nan gizo ke saƙar ba. Masu fim ɗin sun ɗauki ƙarshe iri uku, suka rarraba wa gidajen sinima, kowane gida da nasa. Wanda ya shiga wannan sinimar zai fito yana cewa Mis Scarlet ce, abokinsa da ya shiga waccan ya rantse Madam Peacock ce, na uku kuma ya ce ai kusan kowa ya kashe wani. Lissafin kamfani shi ne mutane za su sayi tikiti sau uku. Sai kwalliya ta kasa biyan kuɗin sabulu. An kashe wa fim ɗin kimanin dala miliyan 15, abin da ya dawo da shi a sinimun Amurka kuwa bai cika hakan ba. Mashahurin mai sharhin nan Roger Ebert tauraro 2 cikin 4 ya ba shi.

Abin mamaki, kaset ɗin bidiyo ne ya ceci fim ɗin. A kaset da talbijin sai aka jera ƙarshen guda uku, ɗaya bayan ɗaya, ana nuna rubutu a tsakani cewa ga yadda zai iya faruwa, na ukun kuma aka ce shi ne ainihin abin da ya faru. Yaran da suka tashi suna ganinsa a gida suka haddace shi kamar karatu. Da suka girma suka riƙa cika sinima in an maimaita shi, wasu har da shigar 'yan wasan. Daga baya ma an mai da shi wasan daɓe, wanda makarantun sakandare na Amurka ke yawan yi. Ka ga fim ɗin nan bai sauya ba, ko hoto ɗaya ba a sake ɗauka ba. Yadda aka miƙa wa mutane shi ne ya sauya, sai hukunci ma ya sauya.

Na sha nuna wa abokai wannan fim, kuma a iya lurata ra'ayoyin kashi uku ne.

Kashi na farko su ne ma'abota labarin bincike, irin waɗanda ke riƙe da biro suna karanta Agatha Christie. Su kam haushi suke ji. Hujjarsu ita ce, tsakanin marubuci da mai karatu akwai alkawari: kai ka ɓoye mai laifi, amma ka bar sawu, ni kuma in bi. In har sawun nan ɗaya zai iya kai mutum gida uku daban-daban, to ashe tun farko babu sawun, an dai wahalar da mu ne. Wani abokina malamin makaranta cewa ya yi wannan daidai yake da a ba ɗalibi jarrabawa, bayan ya gama gumi a ce kowace amsa daidai ce. Gaskiya maganarsa tana da nauyi, kuma duk wanda ya taɓa sayen littafi na 1 da na 2 da na 3, ya tarar an dunƙule ƙarshen a shafi biyu, ya san irin wannan takaicin.

Kashi na biyu ba ruwansu da sawu. Abin da ya dame su shi ne dariya a kan gawa. Akwai inda ɗan sanda ya shigo gidan, baƙin suka ɗauki gawarwaki suka jingina su, ana rungumarsu ana shafawa kamar masoya ne suka sha suka yi tatul, don kada asiri ya tonu. Wata yayata da muka kalla tare, a daidai nan ta miƙe ta ce, "Kai dai Allah ya shirye ka, yanzu wannan ne abin dariya?" Ban ga laifinta ba. Mu mun tashi a inda in an wuce da makara ake yin tsit, mai tafiya ya tsaya, mai zaune ya miƙe. Ko marigayi Rabilu Musa Ibro, da duk irin ɓarin da yake yi, talauci da rowa da wauta ya fi yi wa dariya. Sannan a faɗi gaskiya, shigar 'yar aikin gidan, Yvette, da wasu zantukan fim ɗin ba irin waɗanda za ka kalla a gaban iyaye ko yara ba ne.

Kashi na uku su ne masoya, kuma nan nake. Sai dai dalilina ya ɗan bambanta da na yawancinsu. Su abin da ke burge su shi ne gwanintar 'yan wasa: yadda Tim Curry ke sheƙa gudu daga ɗaki zuwa ɗaki yana maimaita duk abin da ya faru a daren ba ko numfashi, sauran na bin sa duuu kamar awaki, da inda Madeline Kahn ke ƙoƙarin bayyana irin ƙiyayyar da take yi wa Yvette harshenta ya riƙa sarƙewa, wanda kuma ita ta ƙirƙiro shi nan take ba a rubuce yake ba. Duk na yarda. Amma ni abin da ya riƙe ni wani ne daban.

Mai karatu, ƙirga gawarwakin nan da ni. Kuku. 'Yar aiki. Wani matafiyi da motarsa ta lalace, wanda ashe tsohon direban kanal ne. Ɗan sanda mai karɓar na goro a hannun Mis Scarlet. Wata yarinya mai kai saƙo da waƙa, wadda ko baitinta ba ta ƙarasa ba aka harbe ta a bakin ƙofa. Shi kansa wanda aka ɗauka Mista Boddy ne, a ƙarshe na uku an gano bara ne aka sa wa rigar maigida, Wadsworth shi ne Boddy na gaskiya. Ka lura? Duk wanda ya mutu a cikin shidan nan ƙaramin mutum ne da ya san sirrin babba. Manyan kuwa, masu kwat da sarƙar wuya, suna tsallake gawa suna gardamar wa ya fi wani mutunci. Da farko in an ga gawa ihu suke yi. Can gaba sai su leƙa kawai su ja ƙofa su wuce. Dariyar da nake yi, su nake yi wa, yadda ran talaka ya zama masu kamar kayan da ya tare hanya.

Shi ya sa nake ganin ƙarshe ukun nan yana da ma'ana, matuƙar an jera su tare. Na farko ya nuna maka Scarlet za ta iya. Na biyu ya nuna maka Peacock ma za ta iya. Kafin na uku ya zo ka riga ka gane cewa ba mai tsarki a ɗakin, don haka da aka ce biyar daga cikin baƙin kowa ya kashe nasa, Mista Green kaɗai ya fita domin jami'in FBI ne, sai ka ji abin ya zauna daram. Wanda ya ga guda ɗaya tak a sinima a 1985 an ba shi sulusin magana ne, dole ya fito yana tsaki. Ashe masu tsakin da masu yabon duk suna da gaskiya, ba abu ɗaya suka gani ba.

In kana son ka gwada, nemi fim ɗin Indiya Gumnaam na 1965, wanda Manoj Kumar da Nanda suka fito, Mehmood kuma ya zama baran gida. Shi ma baƙi ne a keɓaɓɓen gida ana ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Amma can an raba aiki: Mehmood na ban dariya, kisa na ban tsoro, kowa da lokacinsa. A Clue kuwa cokali ɗaya aka sa aka gauraya su. Wanda ya saba da tsarin Indiya, kamar yawancinmu, dole cakuɗin nan ya yi masa banbaraƙwai a karon farko.

Akwai kuma cikas ɗaya da ya kamata ka sani. Rabin barkwancin fim ɗin wasa da kalmomin Turanci ne, kuma da sauri ake yin sa, ga habaici kan farautar 'yan kwaminis da aka yi a Amurka zamanin Sanata McCarthy. Wanda bai san wannan tarihin ba, wasu wuraren za su wuce shi.

Ga marubutanmu da daraktocinmu, abin dubawa a nan shi ne: ɗan kallo zai yafe maka tsoro, zai yafe maka kuka, wani ma zai yafe maka dariya a inda ba a saba ba, amma da wuya ya yafe in ya ji an yi dabarar tatsar aljihunsa da ƙarshen labari. Clue ya yi sa'a kaset ya ba shi dama ta biyu, ba kowane fim ke samun haka ba.

Saura kai, mai karatu. In ka kalla, a wane kashi ka faɗa cikin ukun nan? Kuma da kai ne darakta, wane ƙarshe za ka bari? Filin wasiƙu a buɗe yake, ina sauraronka.