Ludayin Farko a Yelwa

A gidanmu na Yelwa, ba uwa ke yanke ranar da ɗanta zai fara cin abinci ba. Wannan hurumin Inna ne, mahaifiyar babanmu. Uwar yaro ma kawar da kai take yi, balle in ɗan fari ne, don kunya ba ta barinta ta nuna ta damu da shi a gaban surukai. Inna kuwa ba ta lissafin wata. Abin da take dubawa shi ne ko wuyan yaro ya tsaya, ko ya iya zama ba a tokare shi da tsumma ba, ko ya fara bin lomar manya da ido yana kai wa kwano cafka. In ta ga haka sai ta ce, "Wanga yaro ya fara ƙyashin bakin mutane. A jiƙa gero."

Ni ce 'yar raino a gidan a shekarun 1980, don haka aikin a kaina yake ƙarewa. A surfa gero, a wanke, a jiƙa ya kwana, in ɗauka in kai inji. In na dawo a tace da ƙyalle mai laushi, a bar shi ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama. Kafin a sa wa ƙullun manya citta da kanumfari da barkono, Inna takan ɗebi na yaro ta ajiye daban a ƙaramin ƙoƙo. Ranar farko ɗan lasawa ne kawai a bakin ludayi. Yaro ya yamutsa fuska ya turo da harshe, gida ya ɗauki dariya, a mayar da shi ga nono. Ba a rage masa nono ko kaɗan. Koko baƙo ne, nono ne mai gida, haka Inna ke faɗa.

Inda ta bambanta da matan cikin gari shi ne kifi. Inna 'yar gungu ce, a tsibiran kogin Kwara aka haife ta, cikin Gungawa manoman albasa da masu jirgi. Da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafki ya haɗiye gungunsu da gonakinsu, kamar yadda ya ci wani yanki na tsohuwar Yelwa. Mutum sama da dubu 40 aka tayar daga gaɓar kogin aka sake musu matsuguni. Har ta rasu ba ta daina jin ciwon wannan tashin ba. Amma tafkin da ya cinye mata gida shi ne ya yalwata warangi, ɗan kifin nan da bai kai tsawon yatsa ba, wanda ake shanya shi tuli-tuli tun daga gaɓar Yelwa har su Wara ta Ngaski. A lokacin kifin talaka ne. Mai kuɗi giwan ruwa yake nema, ko ragon ruwa, ko yauni. Warangi kuwa da kwano ake aunawa, a yi maka gyara har ya zube.

Inna takan zauna ta tsince shi, ta sheƙe yashin, ta ɗan gasa a kasko har ya yi ƙamas, ta daka a ƙaramin turmi da kai da ƙaya da komai, sannan ta tankaɗe da rariya. Garin ta zuba a kwalba ta toshe. Yaro in ya saba da koko na 'yan kwanaki, sai ta fara barbaɗa masa ɗan tsunkule ɗaya, ta ɗiga man gyaɗa, wani lokacin ta ƙara garin ƙuli-ƙuli marar yaji. Kokon sai ya yi wani ƙarni-ƙarni da mu manyan yara ba ma so. Jariran kuwa sha suke yi.

Matan maƙwabta ba su yarda da wannan ba. Wata ta ce kifi zai sa wa yaro tsutsar ciki, wata ta ce zai ɓata masa baki ya ƙi tuwo. Ƙwai dama ba a maganarsa, an ce yaron da ya saba da shi ɓarawo zai zama. Su nasu kokon tsararo ne, a zuba ruwa har ya bi ludayi sulu, a sa sukari. Suna ganin tausayi ne, kada abu mai kauri ya yi wa jariri nauyi. To amma cikin jariri ɗan ƙanƙani ne, abin da zai ɗauka a zama ɗaya bai wuce ƙaramin kofi ba. In aka cika shi da ruwan gero, yaro ya ƙoshi bai ci komai ba. Ga shi daidai wata shida ne ƙarfen jinin da ya zo da shi daga cikin uwa ke fara ƙarewa, nono kaɗai ba ya cike gurbin, gasara kuma ba ta da wani abin kirki a wannan fanni. Kifin da aka daka da ƙayarsa da kansa yana kawo abin gina jiki da na ƙarin jini da na ƙwarin ƙashi lokaci guda. Inna ba ta san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Abin da ta sani shi ne, a gungu ba a yaye yaro bai san ɗanɗanon kifi ba.

Ba komai nata ne ya yi daidai ba, ƙauna kuma ba za ta sa in rufe wannan ba. Inna na ba jariri ruwa tun kafin suna. A zafin Maris da Afrilu na Yelwa, lokacin da ko inuwa ƙuna take yi, in ka ce mata kada a ba jinjiri ruwa sai ta dube ka kamar marar imani. "Ɗiyan mutane za ku kashe da ƙishi?" Ga ɗauri da ake dafawa da saiwoyi a ba yaro wai don ya yi ƙwari, ga dakashi da ake matsewa a zubar wai nono ne marar kyau, alhali shi ne rigakafin farko. Ruwan randarmu kuwa daga kogi ko rijiya ake ɗebo shi. Mafi yawan nonon uwa ruwa ne, kusan kashi 88 cikin 100, ya isa ya kashe wa jariri ƙishi ko a bazara. Wannan magana ba ta taɓa shiga kunnen Inna ba.

Sai ɗura. Ita ce abin da har yau in na tuna nake runtse ido. Yaron da ya ƙi shan koko, sai a kwantar da shi a cinya, a matse ƙafafunsa, a dunƙule tafin hannu a bakinsa a cika da koko, a toshe masa hanci. Yana neman numfashi yana haɗiya. A ɗaga shi a jijjiga, a ce ya sha. Kowace uwa a unguwarmu ta iya, har ana yabon wadda hannunta ya faɗa. Ba wanda ke haɗa ta da tarin da ke biyo baya, ko ciwon haƙarƙarin da ke kwantar da yaro in kokon ya bi hanyar iska. Su a ganinsu gara kuka da yunwa. Ni dai nawa 'ya'yan ba a yi musu ba, ko da na sha gorin cewa boko ya ɓata ni.

A wancan zamanin ne madarar gwangwani da fida suka zama alamar wayewa. Matar wani kawunmu, ma'aikaciya ce, da ta koma aiki bayan jego sai ta ɗora ɗanta a kai. Da farko lafiya lau. Da gyaran tattalin arzikin 1986 ya zo, Naira ta faɗi, gwangwanin da aka saba saye ya fi ƙarfin albashi, sai aka koma rage cokali a ƙara ruwa don ya kai ƙarshen wata. Fida kuma ba kullum ake samun itacen tafasa ta ba. Yaro ya dinga gudawa har maɗigarsa ta loma. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa ƙa'idar taƙaita tallan irin wannan madara saboda abin da ke faruwa a gidaje irin namu, amma labarin bai iso zaurenmu ba. Abin da ya iso shi ne ruwan gishiri da sukari, wanda ake ta koyarwa a rediyo zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke ministan lafiya. Shi ya tsayar da gudawar. Bayan haka Inna ta karɓi yaron, ba ta ce uffan ba, ta jawo kwalbar waranginta.

Ranar awo takan zama ranar shari'a. A rataya yaro a sikeli, malamar asibiti ta ɗiga alama a katin nan mai layi biyu masu hawa, irin wanda Dakta David Morley ya ƙirƙiro a Imesi-Ile ta ƙasar Yarabawa. In ɗigon ya hau, uwa ta fito da fara'a. In ya miƙe ko ya gangara, a sha faɗa a gaban jama'a. Lokacin ana cewa a fara ba yaro abinci daga wata huɗu zuwa shida. Sai a 2001 aka tsayar da magana kan nono zalla har wata shida, sannan a fara da abinci mai laushi sau biyu zuwa uku a rana, a ƙara zuwa uku ko huɗu daga wata tara, nono na tafiya har shekara biyu. Inna da ba ta lissafin wata, alamomin da take jira kusan nan suke kai ta. Shekara biyun kuwa dama malamai sun riga sun faɗa mana daga Alƙur'ani.

Daga koko sai faten wake da aka cire wa ƙwanso, sai dankali da aka murje, sai lomar tuwon shinkafa da miyar kuka, a cire wa tarwaɗa ƙaya a marmasa a ciki. Yaron da ya bi wannan hanya, ranar yaye ba ta yi masa tsanani. A karɓo rubutu wajen malam, a kai shi ɗakin kaka, ya yi kukan dare biyu ya haƙura. Wanda ya dogara da nono da tsararon koko kuwa, yaye ne ke tona asirinsa: gashi ya yi ja, ƙafa ta kumbura, a ce tamowa ce ko maita.

Yanzu warangi ya yi daraja, amma ba don jarirai ba. Buhu-buhu ake lodinsa a mota a kai wa masu haɗa abincin kaji da na kifin kiwo, kwanon da ake yi mana gyara a kai ya zama sai an yi ciniki. Matan yanzu sun koma ga garin gero da waken suya da gyaɗa da ake soyawa a niƙa tare, abu ne mai kyau kuma, in dai an dama shi da kauri. 'Yata da ke aure a Birnin Kebbi, da ɗanta ya shiga wata shida, waya ta yi mini in aiko mata da warangi daga kasuwar Yelwa. Sai da na zaga rumfuna kafin in samu wanda aka shanya a kan raga, don na ƙasa yashinsa ba ya fita ko an sheƙe. Mai kifin ya tambaye ni, "Hajiya, kaji nawa gare ki?" Da na ce na jikana ne, sai ya ajiye kwanon ya shiga ciki ya ɗauko wani buhun.