Batirin da Ke Cikin Wayar Wasa

Lokacin da muke yara a unguwar Bukoki ta birnin Yamai, mu ke ƙera kayan wasanmu: motar kara, motar gwangwanin madara, gare, 'yar tsanar tsumma. Langa-langa ya sha tsaga mana yatsu, amma rauninsa a fili yake, jini ya fito, uwa ta gani ta ɗaure. Kayan da suka maye gurbinsu, waɗanda ake jibgewa kan tebura a Babbar Kasuwa da Katako da Wadata in Sallah ta matso, wasunsu ɓarnarsu a cikin jiki take, inda ido ba ya kaiwa.

Wata Ƙaramar Sallah na ga haka a gidanmu. Ɗan ƙanwata mai shekara bakwai ya dawo yawon Sallah da wayar wasa a hannu, ya saye ta da kuɗin barka da Sallah da ya tara. Irin mai waƙa da walƙiya ce, murfin batirinta ɗan roba ne da farce ke iya ɓallewa, ba a ɗaure shi da ƙusa ba. Bayan la'asar ya zo yana kuka wai wayarsa ta mutu. Na juya bayanta, ramin batir fayau. Muka ɗaga tabarmi, muka share ɗaki, ba mu ga komai ba. Sai hankalin uwar ya koma kan ƙanwarsa, wadda ba ta cika shekara biyu ba: tun ɗazu take dalalar da yawu, ta ƙi kunu, tana kakarin amai ba abin da ke fitowa. Jikinta ba zafi, numfashinta lafiya, har tana miƙa hannu a ɗauke ta.

Nan gida ya rabu. Inna ta ce a ɗura mata manja ta amayar. Wata maƙwabciya ta ce nata ɗan ya taɓa haɗiye kuɗin ƙarfe, washegari ya fita a kashi. Ƙanwata ta dube ni ta ce, "Yaya, ko mu bari sai da safe? Yau Sallah, wa za mu tarar?" Na ce mata ɗauko mayafinki. Mun daɗe a bakin titi kafin mu samu taksi.

A asibiti aka ɗauki hoton ƙirjinta. Ga abin nan zagaye, fari, a ƙasan wuya, kai ka ce kuɗin dala goma ne. Likita ya nuna mana zobe na biyu a gefensa, ya ce da wannan ake bambance batir da kuɗi. Ya tambayi ƙanwata, "Malama, tun ƙarfe nawa?" Da ta faɗa masa, bai ƙara magana ba, ya juya ya kira abokan aikinsa.

Sai bayan an ciro shi ya yi mana bayani. Batirin da ya maƙale a hanyar abinci ba sai ya fashe yake ɓarna ba. Yawu ne ke haɗa wutarsa, wutar ta mayar da ruwan wurin sinadari irin sodar da ake dafa sabulu da ita, ta fara cin nama. Cikin awa 2 ƙunar na iya yin tsanani, kuma ko batirin da ya daina kunna abin wasa yana da sauran wutar da za ta yi wannan aiki. Mafi haɗari shi ne mai faɗin milimita 20, irin wanda aka rubuta wa CR2032. Ƙananan kuwa yara na tura su cikin hanci ko kunne, su ƙone wurin.

Yarinyar ta rayu, Alhamdulillahi. Amma wurin ya warke da tabo, hanyar ta ƙuntata. Watanni ta yi ba ta haɗiyar tuwo sai kunu mai ruwa, ana ta mayar da ita ana buɗa mata hanyar. Kuɗin da aka kashe ya ci jarin uwar na sayar da atamfa.

Daga baya na karanta cewa tun 2018 likitocin Amurka ke ba da shawarar zuma: yaron da ya wuce shekara 1, a ba shi ƙaramin cokali 2 kowane minti 10, kada a wuce sau 6, ana kan hanyar asibiti. Zumar tana rage ƙuna, ba ta fitar da batir, kuma ba a ba jariri ɗan ƙasa da shekara. Sa yaro amai kuwa an hana. A can ma sai da wata yarinya 'yar wata 18, Reese Hamsmith, ta rasu a 2020 kafin a yi dokar da ke ɗauke da sunanta a 2022, wadda ta tilasta murfin da yaro ba zai iya buɗewa ba.

Mu a nan, mai teburin ya sari kayan ne a buhu, ba shi da masaniya. Gargaɗin da ke jikin leda, in ma akwai, ɗan jan da'ira ne da fuskar jariri da lamba 0-3, ma'ana ba na yaron da bai kai shekara 3 ba ne. Amma gidajenmu na gandu ne: abin da ɗan shekara bakwai ya saya, mai rarrafe ne zai tsince shi. Haka guntun balan-balan da ya fashe, wanda ke toshe maƙogwaro, da harsashin bindigar roba mai tsiyaye ido.

Iyaye, in yaro ya shigo da abin wasa mai haske ko ƙara, ku karɓa ku juya bayansa. In farcenku ya buɗe murfin, ku cire batirin ku fitar da shi daga gidan. In kuma batir ya ɓace kuna da ƙaramin yaro, ko yana dariya, ku nufi asibitin da ke ɗaukar hoto nan take, ku ce wa na bakin ƙofa batir ne.