Mutum Nawa Ne a Turunku?

A jihar Nebraska ta ƙasar Amurka, can cikin filayen ciyawa, akwai wani gari da ake kira Monowi. Ƙidayar shekarar 2010 ta samu mutum ɗaya rak a cikinsa, wata dattijuwa mai suna Elsie Eiler. Ita ce magajiyar gari, ita ke kula da ɗakin karatun da mijinta ya bari bayan rasuwarsa a 2004. Titin jirgin ƙasa ne ya kafa garin a 1902, jama'arsa suka kai kusan 150 a shekarun 1930, daga nan suka riƙa zarewa ɗaya bayan ɗaya. Duk wannan bayani yana nan a wayarku, minti ɗaya ya isa ku same shi.

To, ku gwada tambayar wayar mutum nawa ne a Turunku.

Mu da ke zaune a Unguwar Dosa, Turunku ba nesa take da mu ba. Ita ce hedikwatar ƙaramar hukumar Igabi, wadda ta kewaye mu ta arewa da yamma. Amma da yawanmu mun sha hawa mota a tashar Kawo, mun wuce Rigachikun da Birnin Yero da Jaji har Zariya, ba mu taɓa ratsewa mun leƙa ta ba, domin ba a bakin babban titi take ba. Alhali kafin a san birnin Zariya a matsayin fadar Zazzau, a Turunku sarautar take. Jerin sarakunan Zazzau ya sanya mulkin Bakwa Turunku wajajen 1536. Wasu masu tarihi sun ce Bakwa mace ce, wasu sun ce namiji ne, amma kusan duka sun haɗu a kan cewa daga gidan nan Amina ta fito, ita da ƙanwarta Zariya wadda birnin ya ci sunanta. Tarihin baka ya ce wuri ne ya yi wa Turunku kaɗan, ruwa kuma ya gaza, shi ya sa aka tashi zuwa wajen dutsen Kufena. Fada ta tafi, kasuwa ta bi ta, aka bar dutse da kufan ganuwa da manoman da suka ƙi tashi. Jikokinsu ne ke Turunku Tsohuwa da Turunku Sabuwa a yau.

Haka garuruwa suke, wani ya cika, wani ya rame. Kadunar da muke taƙama da ita ma da ganimar wani gari ta tashi. Zungeru ce hedikwatar Turawan mulkin mallaka tun 1902, sai aka kwashe ofisoshi aka dawo da su nan a 1917. Har gadar ƙafa ta Lugga ba a bar wa Zungeru ba, a 1954 aka kwance ta aka kawo ta Kaduna, tana nan a lambun Gamji. Saboda haka kusan kowane ɗan Unguwar Dosa yana da wani gari a bayansa. Idan aka tambaye mu 'yan ina ne muka ce Kaduna, sai a yi murmushi a ce, "A'a, asali fa?" Nan kowa zai kira sunan ƙauyen da kakansa ya baro, a Soba ko Giwa ko Ikara ko ƙasar Katsina.

Mu masu sana'ar rubuta manhaja, kullum muna karo da waɗannan sunaye a wajen aiki. Idan za mu gina fom na rajista, jihohi 36 da Abuja a shirye suke. Ƙananan hukumomi 774 ma jerinsu na nan. Da zarar an sauko kan gari ko ƙauye, sai mu bar gurbi fili, kowa ya rubuta yadda ya ga dama. Unguwarmu kaɗai, a rumbun bayanai ɗaya, za ku ga Unguwar Dosa, Ungwan Dosa, Angwan Dosa da U/Dosa, kwamfuta kuwa ta ɗauke su wurare huɗu. Idan haka ta samu unguwar da ke tsakiyar babban birnin jiha, ina ga ƙauye mai gida talatin?

Amurkawa ba wani sihiri suka yi ba. Tun 1790 suke ƙidaya duk shekara goma, kuma suna fitar da alƙaluman har zuwa kan ƙaramin gari. Shi ya sa a 2002 wani mai shirya manhaja ya iya sa kwamfuta ta ɗebi bayanan ƙidayar ta rubuta wa garuruwan Amurka kusan dubu 30 shafi a Wikipedia. Da mu za a ba wannan aiki, manhajar ba za ta ba mu wahala ba. Abin da za mu zuba mata ne babu. An soke ƙidayar 1962, an yi ta cece-kuce kan ta 1963, an soke ta 1973. Ta 1991 ta fitar da adadin gari-gari. Ta 2006, wadda ta ce mu miliyan 140 ne, alƙalumanta a kan ƙaramar hukuma suka tsaya. Wadda aka shirya yi a watan Mayun 2023 kuma aka ɗage ta. Don haka abin da takarda ta sani shi ne Igabi na da mutum sama da dubu 430 a 2006. A cikin wannan adadi an cuɗe cunkoson Rigasa da ƙauyukan da ba su kai layi ɗaya na Rigasa ba.

Dole mu yi wa kakanninmu adalci a nan. A zamaninsu, duk wanda ya zo ƙirga mutane haraji ya kawo, wanda ya zo ƙirga shanu kuma jangali. Mai hankali ɓoye ƙaninsa yake yi, ya kora rabin garke cikin daji. Ga kuma al'adar da ba ta son uwa ta faɗi yawan 'ya'yanta, don gudun baki. Lokacin da Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali bayan hawansa mulki a 1979, talakawa sun yi murna, kuma da gaskiyarsu. Sai dai littafin da dagaci ke sabuntawa duk shekara, mai sunan kowane magidanci, ya rasa mai neman sa.

Yau rashin ƙirgar ne ke cutar da mu. Da adadi ake raba ajujuwa da malamai da ɗakin shan magani da rumfar zaɓe. Masu rigakafin shan inna sun ga haka da idonsu: sai da suka koma ga hotunan tauraron ɗan'adam kafin suka gano tungaye da rugagen da ba sa cikin kowace takarda, kuma a irin waɗannan wurare ne cutar ke fakewa. Ga kuma abin da ya fi zafi. Ƙauyuka da dama a Igabi da Giwa da Birnin Gwari sun watse saboda 'yan bindiga, mutanensu suna rakuɓe a gidajen 'yan uwa a Rigasa da Hayin Banki da nan cikinmu. Wanda ba a ƙirga shi yana gida ba, wa zai san ya ɓace? Yawancin 'yan Najeriya ba su taɓa jin sunan Tudun Biri ba sai bayan daren 3 ga Disamban 2023, da jirgin soja mara matuƙi ya jefa bam kan masu Mauludi. Hukumar NEMA ta ce an binne mutum 85, ƙungiyar Amnesty ta ce sun haura 120. Ƙauye ne a Igabi, ƙaramar hukuma ɗaya da Turunku, kuma ranar da aka fara ƙirga mutanensa a bainar duniya, gawa ake ƙirgawa.

Ƙidaya aikin hukuma ne, kuma haƙƙinmu ne mu matsa a yi ta, a kuma fitar da sakamakonta har kan ƙauye. Kafin nan, akwai abin da ke hannunmu. Duk Sallah motocinmu na cika mu nufi garuruwan iyayenmu, mu ɗauki hoto da babbar riga mu dawo. A wannan zuwan, mu zauna da Baffa ko Inna ko limamin gari, mu kunna rikodar waya. Wa ya sari garin? Daga ina ya zo? Unguwa nawa ce, gida nawa? Wace shekara aka gina firamare, wace rijiya ce ta fi tsufa, su wa suka tashi kuma ina suka koma? Mu rubuta da Hausa, mu sa a Wikipedia ta Hausa, mu ɗora sunan garin a taswirar OpenStreetMap da rubutun da mutanensa suka yarda da shi.

Tsofaffin da suka riƙe amsoshin nan raguwa suke yi kowace damina. Daga Kawo zuwa Turunku kuwa, wanda ya fita da hantsi zai yi sallar la'asar a gida.