Ɗigo Uku a Hoton Huhu

A ƙasar Arewa, daga Matankari har Dumega, dattijo ba ya son faɗin ciwon fitsari. Sai ya yi shekara yana tashi sau biyar cikin dare, fitsari na zuwa kaɗan-kaɗan, ko matarsa bai gaya wa ba. Sau da yawa abin da ke kawo haka shi ne furostat. Wata ƴar tsoka ce da maza kaɗai ke da ita, a ƙarƙashin mafitsara. Girmanta kamar goro. Hanyar fitsari ta tsakiyarta ta bi. In mutum ya tsufa takan kumbura ta matse hanyar. Mafi yawa kumburin tsufa ne kawai. Amma wani lokaci sankara ce, wadda wasu ke kira daji, likitoci kuma su ce kansa.

Wani manomi na wani ƙauye kusa da Geceme, cikin gundumar Tibiri, yana cikin waɗanda tasu ta zama sankara. Shekarunsa sun wuce 65. Wata rana fitsari ya tsaya masa cak. Aka ɗora shi bisa amalanke zuwa gidan likita, aka sa masa roba, fitsari ya fita. Daga nan aka tura shi Doso, daga Doso sai Yamai. A Yamai aka auna jininsa. Sunan awon PSA. Wani abu ne da furostat ke zubawa cikin jini, in sankara ta yi ƙarfi yakan hau. Nasa ya hau. Aka tsinko ɗan nama da allura aka duba, aka tabbatar da ciwon.

Aka sa shi bisa allura, sau ɗaya kowane wata uku. Aikin allurar shi ne ta kashe ƙarfin sinadarin mazakuta, don shi ne abincin wannan sankara. Tun shekarar 1941 wani likita a Amurka, Charles Huggins, ya gano haka. Dattijo ya samu sauƙi. Fitsari ya buɗe, awon jini ya sauka, ya koma gona.

Cikin bazara, kafin ruwan shuka, likitansa ya ce a yi masa sikana, a ga ko ciwon ya tafi wani wuri. Sikana ba irin radiyon ƙirji ba ce da aka saba. Radiyo hoto ɗaya take ɗauka, kamar mutum ya tsaya daga nesa yana duban rumbu. Sikana kuwa yanka-yanka take nuna jiki, kamar an fere kabewa sala-sala. A Ingila aka ƙera ta, kuma a shekarar 1971 aka fara gwada ta ga majinyaci. Idonta ya fi na radiyo kaifi ƙwarai. Saboda haka tana ganin ƙananan abubuwa da mutum ke yawo da su shekara da shekaru bai sani ba.

Ƙashin dattijo lafiya lau. Amma a huhunsa an ga ɗigo uku. Biyu milimita 3, ɗaya milimita 5. Likita ya ce a ci gaba da allura, a dawo bayan wata uku a sake hoto. Ya yi bayani mai yawa, amma dattijo kalma ɗaya ya ji: huhu.

Daga Yamai zuwa Kore Mairuwa tafiya ce mai tsawo, ta Birnin Bayero da Doso. Bai ce uffan ba cikin mota. Ɗansa, wanda ya yi lakwal a Dogondutsi, ya yi ta karanta takardar Faransanci yana maimaitawa. Shi ma bai ga abin da zai kwantar da hankali ba.

Da suka iso gida, dattijo ya tara ƴaƴansa. Ya fara nuna iyakokin gonaki. Ya ce a sayar da shanun noma guda biyu, a biya bashin da ke kansa. Ya ce allurar ma a bar ta, tun da ciwo ya riga ya hau ƙirji, kuɗin mota asara ne. Babban ɗansa ya ce, "Baba, likita bai ce ciwon ne ya hau ba. Cewa ya yi a sake dubawa." Dattijo ya ce, "Yaro, likita ba ya faɗa wa mutum mutuwarsa a fuska." Uwargida ba ta yi magana cikin taro ba. Da dare ta ce, "Malam, in ka sayar da shanun nan, da me za a yi huɗa? Ga hadari ya fara haɗuwa."

Ba za a ga laifinsa ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga igiya sai ya gudu. Mutumin da aka taɓa gaya wa yana da sankara, ko ƙurji ya fito masa sai gabansa ya faɗi. Amma barin allura shi ne babban haɗarin da ke gabansa a lokacin, ya fi ɗigon nan uku nesa ba kusa ba. Sankarar furostat tabbas tana nan, kuma allura ce ke riƙe da ita. Ɗigon kuwa ba a ma san ko mene ne ba.

Majon gidan likita na kusa da su, shi ne ya zaunar da shi. Ya ɗebo hatsi da dawa da wake ya zuba bisa tebur. Ya ce, "Baba, duba nan. Ƙananan biyu kamar ƙwayar hatsi suke. Babban bai wuce ƙwayar dawa mai ƙiba ba. Ko wake bai kai ba." Dattijo ya daɗe yana juya ƙwayar dawa a tafin hannunsa. Shi a zatonsa abin ya kai dunƙulen hannu.

Irin wannan ɗigo yana da yawa a huhun mutane, har masu lafiya. Huhu kamar fatar ƙafar manomi yake, duk abin da ya taɓa sukarsa yakan bar tabo. Tsohon tarin fuka da ya warke yana barin tabo. Haka ciwon haƙarƙari. Haka ƙurar dutse, irin wadda masu ginar rijiya ke shaƙa, da samarin da suka tafi haƙar zinariya Jado tun shekarar 2014. Akwai kuma ƙananan kaluluwa da ke cikin huhu tun asali, su ma sikana na nuna su kamar ɗigo. Dattijon nan ya tuna ya yi wani dogon tari lokacin yana saurayi, a wurin ci-rani a Kurmi. Ya kuma gina rijiyoyi da yawa da hannunsa.

Wata ƙungiyar likitocin huhu ta duniya, mai suna Fleischner, ta fitar da ƙa'ida a shekarar 2017. Bisa ga ƙa'idar, ɗigon da bai kai milimita 6 ba, cikin ɗari ko ɗaya ba ya cika zama sankara. Sai dai ƙa'idar ba don masu sankara aka yi ta ba. Su ana sa musu ido fiye da kowa, shi ya sa aka ce ya dawo. Wani abu kuma da ke wajen dattijo shi ne halin sankarar furostat kanta. In za ta yi tafiya, ƙashi ta fi so: ƙashin baya, da ƙugu, da haƙarƙari, sai kaluluwar mara. Tana zuwa huhu, amma ba kasafai take tsallake ƙashi ta sauka huhu kaɗai ba. Ga ƙashinsa lafiya, ga awon jini a ƙasa.

To, don me ba a soka allura an tsinko ɗigon an duba ba, kowa ya huta? Don ya yi ƙanƙanta. Huhu ba ya tsayawa, yana motsi da kowane numfashi. Neman ƙwayar hatsi da allura a cikinsa abu ne mai wuya, kuma allurar tana iya huda huhu iska ta shiga ƙirji. Abin da ya rage shi ne a bar lokaci ya yi magana. Tabo ba ya girma. Sankara kuwa girma take yi. Manomi ya san wannan. Ran da tsiro ya fito, hatsi da shibra kamarsu ɗaya. Ba a tuge su ran nan, sai an ba su kwanaki.

Majo ya sa shi ya tofa majina cikin ƴar kwalba, aka kai awon tarin fuka. Ba a samu komi ba. Da an samu, maganinsa kyauta ne a Nijar, wata shida ake sha.

Sanin wannan duka bai hana shi wahala ba. Wata uku ɗin nan sun fi masa shekara tsawo. Da rana da sauƙi. Ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka shiga noman fari. Yana fita da hauya tare da yara, in ya gaji ya zauna ƙarƙashin gawo. Dare ne mugu. In ya yi tari sau ɗaya sai ya tashi zaune, yana sauraren ƙirjinsa. Ya bar cin tuwo sosai, sai ya rame, ramar kuma ta ƙara masa tsoro. Masu zuwa gaisuwa ba duka ke taimako ba. Wannan ya kawo labarin wani da ya mutu, wancan ya kawo sassaƙe da jiƙo, wani ya ce akwai mai magani a Kabi da ke cire daji da ƙaho. Har uwargida ta fara tare mutane a zaure tana cewa yana barci.

Abin da ya fi rage masa zullumi shi ne abu mai iyaka da majo ya ba shi. Ya gaya masa alamun da za su sa ya zo ba tare da jiran rana ba: tari da jini, tarin da ya wuce mako biyu, numfashi na yankewa, zufar dare, ciwon baya ko ƙugu da ba ya sauka, ƙafafu su yi nauyi, ko fitsari ya sake tsayawa. Ya ce, "In ba ɗaya daga cikin waɗannan, Baba, ka ci tuwonka ka yi barci." Daga nan in ya yi tari cikin dare sai ya lissafa, ya ga babu ko ɗaya, ya koma ya kwanta. Ya kuma bar taba da yake ɗan sha tun ƙuruciya. Wannan kam ko da ɗigo ko babu, riba ce.

Shanun ba a sayar ba. Rago aka sayar da buhun wake, aka haɗa kuɗin mota na mutum biyu da na sikana. Ɗansa ya roƙi likita ta waya a haɗa ranar allura da awon jini da hoto cikin tafiya ɗaya, aka yarda. Talaka ya kamata ya riƙa yin wannan roƙo ba kunya, don hanya ma cin kuɗi take kamar magani.

Ran tafiya saura kaɗan su bar faifan hoton farko a gida. Uwargida ce ta fito da shi daga cikin kwalla, inda ta naɗe shi da zane tare da karne. Wannan faifai shi ne rabin aikin. Sabon hoto shi kaɗai ba ya faɗin ko ɗigo ya girma. Sai an aza shi kusa da tsoho an gwada. Wanda ya ɓatar da tsohon hoto, jiransa ya koma farko.

Likita ya buɗe hotuna biyu ya auna. Milimita 3, da 3, da 5, yadda suke. Awon jini yana ƙasa. Dattijo ya ce, "Likita, ke nan na rabu da shi?" Likita ya ce, "Baba, labari ne mai daɗi, amma ba a rufe littafi ba tukuna." Akwai wata irin sankarar furostat, ba ta da yawa, da ke girma ba tare da awon jini ya hau ba. Don haka jini kaɗai bai isa shaida ba. Likitoci sun fi sakin jiki da irin wannan ɗigo in ya yi shekara biyu bai motsa ba.

Da ɗigon ya girma, da sai a nemi sanin ko mene ne, don ba duka maganinsu ɗaya ba. Yana iya zama sankarar furostat ce ta iso, a ƙara magani bisa allura. Yana iya zama wata sankara dabam ta huhu, ko tarin fuka. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta yaƙi da sankara, wadda ta fara gashi da haske a shekarar 2021. Kafin nan sai an fita waje.

An ba shi wata shida kafin hoto na uku. Ranar ta faɗa cikin hunturu, bayan an gama sussukar wake. Ɗansa ya rubuta ta cikin karne, ya kuma rubuta da gawayi a bangon ɗaki, kusa da ranar allura. An ware buhu biyu na wake a rumbun uwargida don kuɗin hanya.